Waƙar da Aka Rera a Faris Marsiyyar Yara Biyu Ce

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci a kan wani rubutu da na karanta a shafinku na wasanni, inda marubucin ya waiwayi gasar cin kofin duniya ta zari-ruga da aka yi a Faransa a shekarar 2023. Ya kawo labarin daren 23 ga Satumba, lokacin da Ailan ta doke Afirka ta Kudu da ci 13 da 8 a filin Stade de France, sannan ya ce da aka tashi wasa dubban magoya bayan Ailan suka haɗa baki suna rera wata waƙar murna mai suna Zombie. Labarin wasan ya kawo shi daidai, ba ni da ja a kansa. Inda na tsaya shi ne kiran waƙar da ya yi waƙar murna, domin wadda ta tsara ta, da hawaye da ɓacin rai ta tsara ta, a kan yara biyu da bam ya kashe a tsakiyar kasuwa da rana tsaka. Ina ganin masu karatunku sun cancanci su ji asalin maganar.

Tun farko ya kamata in raba gardama, saboda na san da yawa daga cikinmu da sun ji wannan suna sai hankalinsu ya tafi ga waƙar marigayi Fela Kuti ta shekarun 1970, wadda ya yi wa sojoji zambo da ita. Sunan ne kawai ya zo ɗaya. Wadda nake magana a kanta ta ƙungiyar The Cranberries ce, matasa huɗu daga birnin Limerick na yammacin Jamhuriyar Ailan: Noel Hogan mai kaɗa jita, ƙanensa Mike Hogan mai jitar ƙasa-ƙasa, Fergal Lawler mai ganguna, da mawaƙiyarsu Dolores O'Riordan, wadda ta shiga cikinsu a 1990 tana budurwa 'yar ƙauye. Kiɗansu na cikin reshen rok da Turawa ke kira alternative, wato wanda ya taso daga ƙananan gidajen rediyo da ƙananan kamfanonin faifai, ya kauce wa turbar da manyan 'yan kasuwar waƙa suka shata. Kafin Zombie an san su ne da waƙoƙi masu taushi. Kundinsu na farko, wanda ya fito a 1993, ya ƙunshi Linger da Dreams, waƙoƙin soyayya da bege, kuma Linger ta kai matsayi na 8 a babban jadawalin waƙoƙin Amurka. Duk wanda ya san su a lokacin, mawaƙiya mai sanyin murya ya sani, wadda kunya ke sa ta juya wa jama'a gefe idan ta hau dandamali.

Kafin a fahimci abin da ya sauya muryar tata, dole a taɓa tarihi kaɗan. A 1921 aka raba tsibirin Ailan gida biyu: kudu ta kama hanyar 'yancin kai, gundumomi shida na arewa kuma suka ci gaba da zama ƙarƙashin Birtaniya. A can arewan, mafi yawan 'yan Furotesta suna son a zauna da Birtaniya, mafi yawan 'yan Katolika kuma suna son a haɗe da kudu. Daga ƙarshen shekarun 1960 rikicin ya koma na bindiga da bam, tsakanin ƙungiyar IRA mai fafutukar haɗewa, da ƙungiyoyin 'yan bindiga masu biyayya ga Birtaniya, da kuma sojojin Birtaniya su kansu. Kafin a kashe wutar a 1998 an rasa rayuka fiye da 3,500. Dabarar IRA ta haɗa da kai hare-hare cikin Ingila, da nufin Turawan can su ji a jikinsu har su matsa wa gwamnatinsu ta janye.

Ranar Asabar 20 ga Maris, 1993, jajibirin ranar da Turawan Ingila ke karrama iyaye mata, titin Bridge Street na garin Warrington, wanda ke tsakanin Liverpool da Manchester, ya cika maƙil da masu sayayya. 'Yan IRA sun dasa bama-bamai biyu a cikin kwandunan shara na ƙarfe da ke bakin titi. Jim kaɗan bayan sha biyun rana na farko ya tashi, mutane suka kwasa a guje, kuma da yawa gudun nasu ya kai su ne wajen na biyu, wanda ya tashi kafin a cika minti guda. Kwandunan na ƙarfen zubi ne, don haka da suka tarwatse sai ɓarɓashinsu ya zama tamkar harsasai. Johnathan Ball, yaro ɗan shekara 3, wanda mai renonsa ta fito da shi don su sayo wa mahaifiyarsa katin gaisuwa, nan take ya cika. Tim Parry, ɗan shekara 12, wanda ya fito sayen gajeren wandon ƙwallo na ƙungiyar Everton da yake goyon baya, ya yi kwana biyar a asibiti kafin a cire na'urar da ke riƙe da numfashinsa. Fiye da mutum 50 suka ji rauni. Abin ya girgiza mutanen Ailan su ma, har dubban jama'a suka fito zanga-zangar neman zaman lafiya a Dublin, babban birnin Jamhuriyar Ailan, cikin kwanakin da suka biyo baya.

O'Riordan tana da shekara 21 a lokacin, kuma ƙungiyarta na cikin shekarar yawon wasanni a Ingila. Ita kaɗai ta tsara waƙar, baiti da kari, a kan jitar katako marar lantarki, alhali yawancin waƙoƙinsu ita da Noel Hogan ke haɗa su. Da ta kawo wa abokan aikinta sai ta nemi abin da ba su saba yi ba, wato a ƙara wa jita ƙugi, mai ganga kuma ya doka da ƙarfi. Zamanin ya taimaka mata, domin tun bayan da ƙungiyar Nirvana ta Amurka ta fito da kundinta na 1991 kunnuwan matasan duniya suka saba da jita mai kaushi irin ta birnin Seattle. Stephen Street, wanda ya haɗa musu kundin farko, shi ya sake haɗa wannan.

Ina so mai karatu, ko da ba ya jin Turanci, ya saurari ginin waƙar da kunnen basira, domin a nan ne gwanintar take. Sautuka huɗu ne kacal na jita suke zagayawa daga farko har ƙarshe, kusan ba sa sauyawa, kamar mai zagaya ɗaki cikin dare ya rasa ƙofa. Abin da ke sauyawa shi ne nauyinsu. A wurin baiti kiɗan yakan lafa, muryar ta sauko ƙasa tana ba da labarin uwa da aka raba da ɗanta. Da an iso amshi sai jita ta ɓarke da ruri, ganga ta sauko kamar ana sara itace, ita kuma ta ɗaga murya tana karya ta a tsakiyar kalma, ta cilla ta sama ta dawo da ita. Wannan karyewar murya ita ce tambarin O'Riordan, kuma masu sharhi da yawa sun danganta ta da tsohuwar al'adar matan Ailan ta kukan makoki a kan gawa. Na fara jin waƙar shekaru da dama kafin in san labarin Warrington, kuma na tuna cewa a wancan lokaci na ɗauka faɗan masoya ne, sai dai ko a lokacin na lura cewa idan ta zo wurin karyewar nan sai tsigar jikina ta tashi ba tare da na san dalili ba. Da na karanta labarin yaran daga baya, na koma na saurara, sai na ji ashe kururuwar mai makoki ce nake ta kaɗa kai a kanta.

Sunan waƙar ma yana bukatar bayani. A tatsuniyoyin da finafinan Amurka suka yaɗa, zombi gawa ce da ke tafiya babu hankali babu tausayi, tana bin abin da aka ɗora ta a kai. O'Riordan ta ari siffar ce ta jefi mutumin da tsohuwar gaba ta cika masa kai har ya daina ganin yaron da ke gabansa. Ta ambaci shekarar 1916, shekarar boren Ista a Dublin, wanda 'yan kishin Ailan ke ɗauka a matsayin mafarin 'yancinsu, tana nuna cewa tun daga lokacin zance ɗaya ake ta maimaitawa. Sannan akwai ɗangon da ya fi kowane jawo magana, inda ta nesanta kanta da danginta daga aika-aikar. Ita 'yar Ailan ce, 'yar Katolika, wato tana cikin mutanen da IRA ke cewa don su take yaƙi, ga shi kuma ta fito a bainar jama'a ta ce ba da yawunta ba.

An saki waƙar ranar 19 ga Satumba, 1994, a matsayin ta farko daga kundinsu na biyu, No Need to Argue, wanda ya biyo baya a watan Oktoba. Makonni kaɗan kafin nan, ranar 31 ga Agusta, IRA ta sanar da tsagaita wuta. Wasu masu son waƙar kan haɗa abubuwan biyu kamar ita ta jawo tsagaitawar, wanda ba zai yiwu ba tunda sanarwar ta riga ta fitowa, kuma shekaru aka kwashe ana tattaunawar sirri kafin a kai ga hakan. Abin da za a iya cewa shi ne ta faɗo a kan gaɓa, lokacin da jama'a suka gaji da zubar da jini.

Bidiyon waƙar ya ƙara mata kaifi. Samuel Bayer, wanda ya ɗauki bidiyon shahararriyar waƙar Nirvana ta 1991, shi ya je Belfast, babban birnin arewacin Ailan, da kyamararsa ya ɗauko hotuna marasa launi: sojojin Birtaniya na sintiri da bindigogi, yara na wasan yaƙi a cikin kangaye, bangaye cike da zanen ƙungiyoyin 'yan bindiga na ɓangarorin biyu. A tsakanin waɗannan hotuna ake nuno O'Riordan an shafe ta da launin zinariya tana tsaye gaban gicciye, yara maza da aka shafe da launin azurfa kewaye da ita. BBC ta ƙi nuna shi yadda yake, sai wani da aka tace aka rage hotunan rikicin.

Ta fuskar kasuwa kuwa, karɓuwar ta zo da wani abin lura. Waƙar ta hau matsayi na ɗaya a Ostireliya da Faransa da Jamus da Beljiyam da Denmak, ƙasashen da ke nesa da rikicin. A Amurka ba a sayar da ita a faifai na daban ba, don haka ba ta shiga babban jadawali ba, amma ta yi ta ɗaya a jadawalin Billboard na rok na zamani. Masu sauraron gidan rediyon Triple J na Ostireliya suka zaɓe ta gwarzuwar waƙar 1994, kuma a watan Nuwamba na 1995, a birnin Faris ɗin nan dai, ta lashe kambun waƙar shekara a bikin MTV na Turai, inda ta kayar da waƙoƙin da suka haɗa da ta Michael Jackson. Amma a Birtaniya, inda aka kashe yaran, a matsayi na 14 ta tsaya, a Ailan kuma na 3. A nawa ganin, waɗanda ke nesa sun ji amo da zafin murya sun rungume ta hannu bibbiyu, waɗanda ke kusa kuma sun ji kalmomin, kuma kalmomin sun taɓa gyambon da bai warke ba.

A nan ne nake so in yi adalci ga masu suka, domin ba maganar banza suke yi ba. Tun a 1994 wasu masu sharhin waƙa suka ce yarinya daga Limerick, wadda ba ta taɓa kwana da sojoji a ƙofar gidansu ba, ta ɗauki rikicin ƙarnoni ta mayar da shi ciwon da ke cikin kan wasu mutane kawai. Da yawa daga 'yan Katolikan arewa kuma sun ji ɗangon nesanta kai a matsayin wanke hannu irin na mutanen kudu, waɗanda suka samu 'yancinsu suka bar 'yan'uwansu a baya. Suna da abin nunawa. A ranar 30 ga Janairu, 1972, sojojin Birtaniya sun harbe masu zanga-zanga 13 har lahira a birnin Derry na arewacin Ailan. Kuma a ranar 25 ga Maris, 1993, ranar da Tim Parry ya cika, 'yan bindiga masu biyayya ga Birtaniya sun kashe mutum huɗu a Castlerock, suka kuma kashe wani saurayi ɗan shekara 17 a Belfast, kuma babu wata waƙar da ta zagaya duniya da sunansu. Wanda aka kashe masa ɗa a irin wannan hali, idan ya ce an yi makokin 'ya'yan wasu an manta da nasa, ba ni da bakin ce masa ya yi shiru.

Duk da haka ban yarda cewa wannan ya rushe waƙar ba. Marsiyya ba littafin tarihi ba ce da za a ce sai ta lissafa kowace gawa kafin a karɓe ta, kuma a baitocin O'Riordan an ambaci tankokin yaƙi tare da bama-bamai da bindigogi, alhali kowa ya san ba IRA ke da tankoki a titunan arewa ba. Abin da ya fi muhimmanci a wurina shi ne inda ta nufi yatsanta. Zagin abokin gaba abu ne mai sauƙi, kowane mawaƙi na iya yi a tafa masa. Ita kuwa ta juya ne ta fuskanci waɗanda ke kashe rai da sunan al'ummarta, tana da shekara ashirin da 'yan kai, a daidai lokacin da kasuwa ke jiran ta sake kawo wata waƙar soyayya mai taushi. Hausawa na cewa wake ɗaya shi ke ɓata gari, kuma abin da ta yi shi ne ta tsame waken ta nuna wa duniya, ta ƙi yarda a shafa wa garin duka baƙin fenti. Bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 10 ga Afrilu, 1998, da aka ba John Hume da David Trimble, jagororin siyasar arewacin Ailan, kyautar Nobel ta zaman lafiya, The Cranberries na cikin waɗanda aka gayyata su yi waƙa a bikin da aka yi a Oslo.

O'Riordan ta rasu ranar 15 ga Janairu, 2018, a wani otal a Landan, tana da shekara 46, kuma binciken hukuma ya tabbatar da cewa hatsari ne. Ta zo birnin ne da niyyar aiki, ciki har da sa muryarta a sabon salon Zombie da ƙungiyar Bad Wolves ta Amurka ta shirya. Ƙungiyar ta saki nata salon ba tare da ita ba, ta kuma miƙa wa 'ya'yan marigayiyar dala 250,000 daga abin da aka samu. A watan Afrilu na 2020 bidiyon asali ya haura kallo biliyan ɗaya a YouTube, karo na farko da wata ƙungiyar mawaƙa daga Ailan ta kai wannan adadi.

Rasuwar tata ce ta buɗe wa waƙar ƙofar filin wasa. Mutanen Limerick sun ɗauke ta a matsayin tunawa da 'yarsu, kuma a shekarar da ta rasu gundumar ta ci kofin ƙasa na hurling, wasansu na gargajiya na sanda da ƙwallo, karo na farko tun 1973. Daga nan ta shiga bakin magoya bayan ƙungiyar zari-ruga ta Munster, wadda filinta na Thomond Park ke cikin Limerick, daga nan kuma ta bi tawagar ƙasa zuwa Faransa. Amshinta gajere ne mai sauƙin kamawa, mutum dubu goma na iya ɗaukarsa ba tare da an koya musu ba. Rera ta a Faris ya sake tayar da tsohuwar gardamar a Ailan, wasu na cewa cin fuska ne ga mutanen arewa, wasu na cewa tawagar zari-ruga ta tsibirin ce baki ɗaya, kudu da arewa, don haka babu waƙar da ta fi dacewa da ita kamar wadda ta la'anci kisan yara. Abin bai tsaya nan ba. Bayan Niyu Zilan ta fitar da Ailan a wasan kusa da na kusa da na ƙarshe da ci 28 da 24, Afirka ta Kudu kuma ta je ta ɗauki kofin, sai magoya bayanta suka ari karin waƙar suka sa sunan jagoransu Rassie Erasmus a gurbin kalmar zombi, suna yi wa abokan hamayya tsiya. Da na ji wannan na yi dariya, sannan dariyar ta tsaya mini a wuya, domin tazarar da ke tsakanin kwandon sharan Bridge Street da wannan barkwanci ta yi yawa.

Ba ina cewa a hana kowa rera ta ba ne, kuma ba na zargin marubucinku da mugun nufi, tunda abin da ya gani a talabijin murna ce tsantsa. Iyayen Tim, Colin da Wendy Parry, sun kafa gidauniyar zaman lafiya da sunan yaran biyu, suka buɗe cibiyarta a Warrington a shekarar 2000, inda suka yi ta aiki da matasa da kuma waɗanda ta'addanci ya shafa. Colin Parry ya shaida wa BBC cewa shi kansa bai san waƙar a kan harin da ya ci ɗansa aka yi ta ba sai bayan rasuwar O'Riordan, wato kusan shekara ashirin da biyar bayan mutuwar Tim, kuma da ya zauna ya saurari kalmominta ya yaba mata. Idan har mahaifin yaron zai iya ɗaukar tsawon wannan lokaci bai sani ba, babu mamaki don marubucin wasanni bai sani ba. Roƙona dai, ya Edita, shi ne idan jaridarku za ta sake ambaton wannan waƙa, a shafin wasanni ne ko na nishaɗi, a ƙara layi ɗaya a ƙarƙashinta: an yi ta ne a kan Johnathan Ball, ɗan shekara 3, da Tim Parry, ɗan shekara 12, waɗanda bam ya rutsa da su a Warrington ranar 20 ga Maris, 1993.

Na gode da filin da ka ba ni. Wassalam.

Naka,
Mai bibiyar jaridarku a kullum